Martani: Burodin Legas Ba Shi Ne Mudun Auna Abincin Arewa Ba

A kwanakin baya wani marubuci ya fitar da maƙala a kan wahalar da matafiyi ke sha wajen samun burodi mai kyau idan ya baro Legas da Abuja ya nufo Arewa. A cewarsa, da zarar an wuce Kaduna burodi ya lalace: ko dai ya zo da nauyi da zaƙin da ya wuce kima, ko ya bushe kafin a kai shi gida, kek da sauran kayan fulawa kuwa sai a manyan otal. Daga nan ya yanke hukunci biyu. Na farko, wai mutanen Arewa ba su san daɗin burodi ba, shi ya sa masu gashi ba sa damuwa da gyara sana'arsu. Na biyu, wai maganin abin shi ne manyan kamfanonin burodi na Kudu su buɗe rassa a kowane birni, a kafa ma'auni guda, ta yadda burodin da aka saya a Gusau zai zama daidai da wanda aka saya a Ikeja. Ya kuma kawo Yamai a matsayin misali, inda ya ce ko maƙwabtanmu da ba su kai mu arziki ba sun fi mu iya gashi.

Ban musa abin da idonsa ya gani ba. Gaskiya ne burodi ya bambanta daga gari zuwa gari, kuma akwai gidajen burodi a Arewa da bai kamata a bar su suna ciyar da jama'a ba. Inda muka rabu da malamin shi ne a kan dalili da kuma magani. Ya ɗora laifi a kan harshen mutane, alhali abin yana cikin tarihi da yanayi da doguwar hanyar da alkama ke bi kafin ta zama fulawa. Maganin da ya kawo kuwa, idan aka bi shi, zai ƙara wa cutar ƙarfi.

Mu fara da misalin da shi kansa ya kawo, wato Nijar. Tsakanin Illela ta jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni 'yan kilomitoci ne kawai, tsakanin Jibiya da Maraɗi kuma tafiyar kamar sa'a guda ce a mota. Mutanen nan dangin juna ne, suna auratayya, harshensu ɗaya, tuwonsu ɗaya, furarsu ɗaya. Amma a teburin mai shayi na wancan ɓangaren, dogon burodin nan mai ɓawo, wanda Faransawa ke kira baget, shi ne ya saba zama a kan gaba, a wannan ɓangaren kuma mai kusurwa huɗu ne, mai laushi da zaƙi, wanda aka gasa a cikin gwangwani. Da ɗanɗanon al'umma ne ke yanke irin burodin da za a gasa, da ba a ga wannan bambanci tsakanin ɗan Ƙonni da ɗan'uwansa na Illela ba. Abin da ya raba su shi ne layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20. Faransawa sun shigo da nasu salon, na fulawa da ruwa da gishiri da yis kawai, suka bar shi a Yamai da Damagaram da Njamena da Garwa. A ɓangaren Ingilishi kuma burodin gwangwani ne ya kafu. Wani ɗan Jamaika mai suna Amos Shackleford, wanda ya zo Legas a 1913, shi ne ya shahara da shigo da injin murza kwaɓi, wanda ke sa burodi ya yi laushi ya kuma yi danƙo, daga wannan salon ne burodin Agege ya samo asali. Titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta kansa ma'aikata da 'yan kasuwar Kudu suka kawo wannan burodi Sabon Gari, daga can ya bazu. Saboda haka abin da malamin ya kira gwanintar Yamai da gazawar Kano gado ne na masu mulki biyu daban-daban, kowane gari ya riƙe abin da aka sauke masa.

Ko shi baget ɗin da ya yaba, ya kamata a faɗi cewa burodin yini ɗaya ne. A Faransa ma da safe ake saye a cinye kafin dare, domin babu mai babu sukari a cikinsa da za su riƙe masa danshi. A lokacin hunturu, a Damagaram ko Agadas, wanda aka gasa da asuba kan bushe ƙarau kafin la'asar. Wannan shi ne ɓangaren da marubucin ya tsallake gaba ɗaya, wato yanayi. A Legas da Fatakwal maƙiyin burodi danshi ne, wanda ke sa shi fumfuna. A Kano da Gusau da Maiduguri maƙiyinsa busasshiyar iska ce da ke zuƙe masa ruwa cikin sa'o'i kaɗan. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwaɓi kan tashi da gaggawa har ya wuce ƙa'ida ya yi tsami, sai mai gashi ya nemi ƙanƙara ya sanyaya ruwan kwaɓinsa, ƙanƙara kuwa sai da wutar lantarki, kowa kuma ya san halin da wutar ke ciki. Sukari da man da ake ƙarawa a burodin Arewa suna jinkirta bushewa, suna ba shi damar kwana biyu a kan teburi ko a bayan motar da za ta kai shi kasuwar ƙauye mai nisa. Sannan a dubi mai saye. Mafi yawan burodin da ake gasawa a biranenmu a teburin mai shayi yake ƙarewa, masu cinsa kuwa leburori ne da 'yan dako da direbobi da ɗalibai, mutanen da ke neman abin da zai riƙe musu ciki har azahar. A lura da yadda mai shayi ke aiki da shi: ya tsaga shi biyu da wuƙa, ya shafa bota ko ya cusa soyayyen ƙwai, ya danna shi a kan kaskon da ya gama suya har ya baje ya ɗauki zafi, mai saye kuma ya gutsura ya tsoma a shayi mai kauri. Burodi mai iska-iska ba zai jure wannan ba, narkewa zai yi a cikin kofi. Mai gashin da ke yin burodi mai nauyi ya san wanda yake yi wa, ya kuma san abin da za a yi da shi.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan zancen. Najeriya na shigo da alkama fiye da tan miliyan 4 a kowace shekara, daga ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Rasha da wasu na Turai. Abin da ake nomawa a gida ɗan kaɗan ne ƙwarai: binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2021 ya nuna kimanin tan 37,000, Kano da Jigawa ne a kan gaba. Alkamar waje a jirgin ruwa take zuwa, ta sauka a Apapa ko Fatakwal ko Kalaba, manyan injinan niƙa kuma a bakin waɗannan tasoshi aka kafa su, tun daga na kamfanin Flour Mills da ya fara aiki a Apapa a 1962. Ko injin da aka kafa a Bompai ta Kano a shekarun 1970, alkamarsa daga bakin teku ake hauro da ita. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne a kan titin da kowa ya san ramukansa da shingayensa. Duk buhun fulawar da ya isa Katsina ko Damaturu yana ɗauke da kuɗin gas na tirela, da kuɗin lodi da saukewa, da abin da aka bari a shingaye. Mai gidan burodi a Arewa yana sayen fulawa da tsada fiye da takwaransa na Agege, yana kuma sayar wa mutanen da aljihunsu bai kai na mutanen Legas nauyi ba. Bayan yaƙin Rasha da Yukren ya tashi a 2022, sannan aka janye tallafin man fetur aka kuma saki naira a 2023, wannan matsi ya ninka, gidajen burodi da yawa suka rufe, waɗanda suka rage kuma suka rage girman burodi ko suka rage bota da madara. Nijar ma ba ta tsira ba, domin ba ta da teku, kayanta ta Kwatano da Lome suka saba bi, rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna yadda abincin da ya dogara da tashar wata ƙasa ke da rauni. Wanda bai sa wannan lissafi a gabansa ba, ya ce mutane ne ba su san daɗi ba, ya zalunci mai gashi ya kuma zalunci mai saye.

Amma kuskuren da ya fi girma a maƙalar shi ne zaton cewa gashin alkama baƙon abu ne a ƙasar Hausa, wanda har yanzu muke koyo. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shiga Kano a farkon 1824, ya kuma bayyana abin da ya gani a kasuwarta. Cikin abin da ya lissafa akwai burodin alkama iri uku da ake sayarwa, ɗaya daga ciki ana zuba masa zuma da narkakken man shanu, ga wainar shinkafa, ga kuma masu gasa nama a tsinke kewaye da wuta. Wannan kusan shekara 90 ke nan kafin Shackleford ya taka Legas. Kasuwar Kurmi da ya gani tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, fataken Larabawa da ke ƙetaro Sahara daga Turabulus da Gadamas kuma sun daɗe da zama a unguwannin birnin da abincinsu. Alkama kuwa ana nomanta da rani a fadamun Kano da Haɗeja da bakin Tafkin Cadi da lambunan Abzin tun kafin Bature ya zo. Gurasa ita ce burodin Kano na asali, kuma har gobe ana gasa ta a Jakara da unguwannin da ke kewaye. Wanda ya tsaya ya kalli aikin zai san sana'a ce ta gwanaye. Ana kwaɓa fulawa da yis da ɗan gishiri, wasu su sa sukari, a bar kwaɓin ya tashi. Tanderu babbar tukunyar ƙasa ce, ana cinna karan dawa a cikinta har bangonta ya ɗauki zafi, wutar ta lafa ta bar garwashi. Mai gashi ta jiƙa hannunta da ruwa, ta ɗebo kwaɓi, ta zura hannu cikin wannan zafi ta manna shi a jikin bangon, ɗaya bayan ɗaya har ta zagaye, sannan ta rufe baki. Babu agogo babu ma'aunin zafi, da ido da ƙamshi take sanin ta gasu. Idan kwaɓin ya yi ruwa zai zame ya faɗa toka, idan bangon bai yi zafi ba ba zai kama ba, idan ya yi yawa ta ƙone. Daga nan a yi bandashe da ita, a tsoma a ruwa ta yi taushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir, ko a ci da tsire, ko da miyar taushe. Mutanen da suka riƙe wannan sana'a ƙarni bayan ƙarni ba za a ce ba su san daɗin abin da aka gasa da alkama ba.

Haka zancen yake a kan abin da malamin ya kira rashin kayan zaƙi. Ya nemi kek bai samu ba, sai ya ce babu komai. Duk wanda ya taɓa ganin garar amarya ya san akwai alkaki, wanda ake yi da ɓarzajjiyar alkama a bar ta ta yi tsami, a naɗe, a soya, a tsoma a zuma ko dafaffen sukari. Akwai nakiya ta shinkafa da man shanu da kayan ƙamshi, wadda ke yin watanni ba ta lalace ba a ƙasar da babu firji, akwai dubulan da gireba da funkaso da alkubus. Kowane yanki kuma da abin da ya fi kowa iyawa: Bauci da masa, Barno da sinasir, Agadas da Tawa da cuku da tukuɗi, Madawa da kilishi. A juya ma'aunin malamin a gani. Mutumin Bauci da ya sauka Legas zai sha wahala kafin ya sami masar da ta kwana ta yi tsami daidai, aka soya ta a tanda ta ƙasa. Bafulatanin da ya je Fatakwal zai daɗe yana neman kindirmo na gaske. Ba wanda ya taɓa rubuta cewa wannan alama ce ta ci-bayan Legas ko Fatakwal, kuma da wani ya rubuta da an yi masa ca. A gaskiya ma, a fagen nama da hatsi gwaninta daga Arewa take gangarawa Kudu. Tsiren da ake ci a kowane lungu na Legas da Yawunde hannun Bahaushe ne, koko da ƙosai da shinkafa da wake da mutanen Akara da Kumasi ke karya kumallo da su kuma daga zango suka fito.

Akwai abin da za a iya mayar mini da shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Za a ce: to, mun ji tarihi, amma burodin da ake zuba wa sinadarin buromet don ya kumbura, ko sakarin a madadin sukari, ko wanda ake kwaɓawa a ɗaki mai ƙazanta ma'aikata na zufa a ciki, shi ma gado ne? A'a, wannan ha'inci ne, kuma a nan ina tare da malamin ɗari bisa ɗari. Hukumar NAFDAC ta haramta buromet a burodi tun farkon shekarun 2000, zamanin Dora Akunyili, saboda ana danganta shi da cutar daji da lahani ga ƙoda, har yau kuma hukumar na gargaɗi da rufe gidajen da ta kama. Sai dai wannan ɓarna ba ta da yanki. An kama masu yinta a Kudu kamar yadda aka kama su a Arewa, domin abin da ke haifar da ita ɗaya ne: fulawa ta yi tsada, mai gashi na son ƙaramin kwaɓi ya cika babban gwangwani. Wani abin lura kuma, laushi da kumburin da mutane da yawa ke ɗauka alamar burodi mai kyau su ne ainihin abin da buromet ke bayarwa. Wanda ya koya wa jama'a cewa burodi mai nauyi na ƙauye ne, mai iska-iska kuma na wayayyu, yana tura masu gashi zuwa ga sinadarin ko da bai yi niyya ba. Maganin ha'inci shi ne jami'an lafiya su riƙa shiga gidajen burodi da gaske, a gwada, a hukunta, a bayyana sunan wanda aka kama.

Za a kuma iya cewa gurasar da nake yabo ita ma yau da fulawar kamfani ake yin mafi yawanta, saboda haka ba ta fi burodi 'yanci ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma abin takaici ne. A watan Fabrairun 2024 mata masu gurasa a Kano sun fito zanga-zanga saboda tsadar fulawa, da yawansu sun ajiye sana'ar. Amma wannan hujja ce a kan shawarar malamin, domin tana nuna inda dogaro da alkamar waje ya kai mu. Tun 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi mai suna The Wheat Trap a kan yadda Najeriya ta saba wa kanta da abincin da ba ta iya noma isasshensa. Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin fita, kowace da nata salon. An gina madatsar Tiga da aikin noman rani na Kadawa, da Bakalori, da aikin kudancin Tafkin Cadi, da fatan alkama za ta wadata. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga 1987, fasa-ƙwauri ta iyakar Benin ya yi ƙarfi, aka janye hanin a 1992. Gwamnatin Obasanjo ta ce a riƙa haɗa kashi 10 cikin 100 na garin rogo a fulawa, ta Jonathan ta sake tayar da zancen a 2012, duk bai zauna ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: alkama na son sanyi, sanyinmu kuwa gajere ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma sai an yi ban-ruwa. Za a iya ƙara abin da ake nomawa, kamar yadda Jigawa ke yi tun ranin 2023, amma cike giɓin tan miliyoyi wani abu ne daban. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta bukatar a ƙara cusa mata son yankakken burodi. Masa da sinasir da fura da ɗanwake da ƙosai da dambu duk daga gonakinmu suke fitowa, daga shinkafa da gero da dawa da wake da masara, farashinsu bai rataya kai tsaye a kan jirgin ruwan da zai taso daga Baƙin Teku ba. Alkama 'yar gida kuma, ɗan abin da ake samu, ta fi dacewa da alkaki da funkaso da taliyar murji da gurasa, inda ake sonta ake kuma biyan kuɗinta.

A nan ne shawarar kafa ma'auni guda ta fi ba ni tsoro. Babban kamfani da ke gasa dubban burodi a awa ɗaya zai iya karya farashi na ɗan lokaci, ya rufe ƙananan gidajen burodi na unguwa, waɗanda kowannensu ke ciyar da masu kwaɓi da masu gashi da masu ɗaurewa da masu rarrabawa a babur. Ribar za ta koma inda hedikwatar kamfanin take. Burodin zai zama iri ɗaya daga Ikeja har Gusau kamar yadda malamin ke so, amma zai ci gaba da bushewa da hunturu, sai dai a ƙara masa sinadaran hana lalacewa, zai kuma ci gaba da tsada duk lokacin da dala ta tashi. Ba na cewa a hana kowa buɗe gidan burodi na zamani. Akwai su a Kano da Kaduna da Jos, suna yin kek da sauran kayan fulawa masu kyau, matasanmu mata da yawa ma sun koyi sana'ar suna sayarwa daga gida ta waya. Wanda ke so ya saya, kasuwa ai ta kowa ce. Abin da na ƙi shi ne a mai da wannan abin gwaji, a ce garin da bai da shi a kowace kusurwa bai waye ba.

Idan aka koma kan tambayar da ta sa malamin ya ɗauki alƙalami, wato me ya sa baƙo ke wahalar samun abinci mai kyau a garin da ba nasa ba, amsar tana cikin yadda ake sayar da abincin. Mafi kyawun abincin ƙasar Hausa ba shi da kanti, ba shi da allon talla. A cikin gidaje mata ke yin sa, a fitar da shi a tire ko a aiko yaro da kwano ya saya. Yana kuma da lokaci. Masa ta safe ce, wanda ya zo bayan hantsi ya sami saura. Koko da ƙosai kafin rana ta ɗaga ne, fura da tsakar rana, tsire da balangu bayan la'asar zuwa dare. Alkaki da nakiya sau da yawa sai an ba da saƙo kwanaki kafin biki. Ɗan gari ya san gidan da za a je da sa'ar da za a je, baƙon da ya sauka a otal ya leƙa shagon gidan mai kuwa burodin leda kawai zai gani, ya tafi da labarin cewa garin ba shi da komai. Wannan rauni ne na gaske, kuma namu ne, domin mun bar masu wannan sana'a ba jari, ba wurin sayarwa mai tsafta, ba sunan da doka ta kare. Faransa ta kai baget ɗinta gaban UNESCO an sa shi cikin kayan gadon duniya a 2022. Ƙasashen Magrib sun yi haka da kuskus a 2020, Senegal da shinkafa da kifinta a 2021, Kodebuwa da acekenta na rogo a 2024. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka da ake kira OAPI, don kada wani ya sayar da nasa da sunansu. Waɗannan ƙasashe ba su nemi abincinsu ya yi kama da na wani ba, sun tsaya a kan abin da ya bambanta su suka ɗaukaka shi.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin Kano da Bauci da Barno da sauran jihohinmu, da jami'o'in da ke da sashen kimiyyar abinci, su waiwayi matan da ke bakin tanderu da tanda. A samar musu rance mai sauƙi da rumfuna masu tsafta a kasuwanni da tasoshin mota, a inganta murhunsu don a rage hayaƙi da cin itace, a haɗa masu gurasa da manoman alkama na Kadawa da Haɗeja kai tsaye, a kuma nemi dokar da za ta kare sunan gurasar Kano da masar Bauci. NAFDAC ta tsananta a kan masu buromet a ko'ina suke, Kudu da Arewa. Shi kuma malam marubuci, idan Allah ya sake kawo shi Kano, ina roƙonsa ya bar shagon gidan mai, ya nemi ɗan gari ya raka shi Jakara, ya ci gurasa da zafinta, sannan ya sake duba hukuncin da ya yanke.